Sunan Da Ke Goshin Mota Ba Ado Kawai Ba Ne

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Mu masu rubutun mota muna neman fili mu amsa wa masu ɗaukar sunan da ake rubutawa a jikin mota a matsayin wasan direbobi.

Tun zamanin roka mai bodin katako, a tasha da suna ake gane mota. Ɗan kasuwar da ya ɗora buhunan masara a Dawanau ba ya riƙe lamba, amma zai tuna cewa "Sai Haƙuri" ce ta ɗauka, kuma ɗan kamasho ya san direbanta da ranar dawowarta. Direban da sunan motarsa ya karaɗe hanya yana tsoron ɓata shi, don laifi ɗaya zai bi motar duk tashar da ta shiga. Mai motar kuma yakan zaɓi sunan da ya dace da wahalar da ya sha kafin ya mallake ta, ko addu'ar da yake yi mata, shi ya sa "Rabo" da "Allah Ya Kiyaye" suka yi yawa. Haka Bafulatani ke kiran saniyarsa da suna, domin da ita yake ci.

Jama'a ma suna raɗawa. Keke mai ƙafa uku ya zama Keke Marwa a Legas saboda Buba Marwa, tsohon gwamnan soja na jihar, ya zama Keke Napep daga shirin yaƙi da talauci da aka kafa a 2001, a Kano kuwa A Daidaita Sahu daga shirin gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau.

Abin da ke damunmu shi ne yadda ake rubutun yanzu. Ƙa'idar aikin ita ce a wanke allon goshi, a goge shi da sanfefa, a shafa fentin ƙasa, a bari ya bushe. Sannan a zana haruffa da alli daga tsakiya zuwa gefe, don kada wuri ya ƙare a matse harafin ƙarshe. Fentin mai ake sawa, shafi biyu, da kwana ɗaya a tsakani. Da tina, wato ruwan tsinka fenti, ake sirka shi. Masu sirkawa da fetur don araha suna cutar mai mota, domin fentin yana rasa ƙyalli ya soma ɓarewa. Da hunturu a yi aikin a cikin rumfa, in ba haka ba ƙura ta manne wa ɗanyen fenti. Harafi mai tsawon inci 8 ana karanta shi sarai daga nisan ƙafa 80. Fari a kan shuɗi ko rawaya a kan baƙi sun fi fitowa, ja kuwa shi rana ke fara cinyewa.

Sitika ta kawo wata ɓarna. Ana manna ta a gilashin gaba har ta rage wa direba gani, ko ta rufe lamba da jan kyallen da ke haska bayan babbar mota da dare, alhali shi ne ke nuna wa na baya cewa akwai mota a tsaye. Muna kuma roƙon a daina rubuta ayar Alƙur'ani a ƙasan bodi, inda taya ke watsa taɓo.

Muna kira ga shugabannin ƙungiyar direbobi da jami'an hukumar kiyaye haɗurra su riƙa duba wannan a tasha kafin mota ta yi lodi.

Naku,
Wasu masu rubutun mota, Kano