Wasiƙa Zuwa Ga Aminina a Abuja: Bashin Gidanka da Maganar Mai Tsara Shafi

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da uwargida da yara. Mu nan Sakkwato lafiya lau, sai zafi. Saƙonka ya iso, na kuma fahimci abu biyu ne ke cin ranka: biyan bashin gidanku na Kubwa ya tsaya, sannan ga wani matashi ya yanka maka kuɗi mai kauri zai gina maka shafin intanet na sayar da shadda da turare. Na gidan zan fi tsayawa a kai, don shi ne ya hana ni barci.

Da farko ka cire kunya daga ranka. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Kuma ba sakacinka ne kaɗai ya jawo ba. A farkon 2022 ma'aunin kuɗin ruwa na Babban Bankin Najeriya kashi 11.5 ne, kafin ƙarshen 2024 ya kai 27.5. Wanda ya samu lamuni ta asusun gidaje na ƙasa da aka kafa a 1992, wanda ake cirar kashi 2.5 na albashi dominsa, ruwansa kashi 6 ne. Kai kuwa naka na bankin kasuwa ne, ruwan na hawa da hawan kasuwa, shi ya sa biyan wata ya fi ƙarfin albashinka.

Abin da ya tayar min da hankali shi ne ka ce wasiƙun bankin suna cikin mota, ba ka buɗe su ba. Don Allah ka buɗe su yau. Tsohuwar dokar Ingila ta 1881 kan cinikin filaye da jingina, wadda har yanzu ake aiki da ita a Abuja, ta ba mai riƙe da cikakkiyar jingina ikon sayar da gida ba tare da ya je kotu ba, idan ya aiko takardar neman biya aka yi wata uku ba a biya ba, ko kuma kuɗin ruwa ya yi wata biyu a wuyanka. Takardar jinginar da ka sa wa hannu tana iya ma taƙaita wannan wa'adin. To ka ga mai yiwuwa kwanakin sun fara tafiya tun ranar da ambulan ɗin farko ta shiga motarka.

Saboda haka ka ɗauko takardar jinginar da takardar tayin lamunin ka kai wa lauya mai aikin filaye, ba kowane lauya ba. Zai duba ko an yi rajistar jinginar da amincewar Ministan Abuja, kamar yadda dokar filaye ta 1978 ta ba gwamnoni wannan ikon a jihohi, ko kuwa takardar mallaka kawai ka ajiye musu. Idan ajiya ce kawai, sai sun bi ta kotu kafin su sayar, kuma wannan zai ba ka numfashi. Amma kada wani ya ruɗe ka cewa rashin sa hannun minista zai wanke ka daga bashin. Kuɗi ka karɓa, alƙalai kuma ba sa sakin fuska ga wanda ya ci kuɗi sannan ya fake da gyaran takarda. Idan kuɗin lauya ya gagara, akwai Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta ƙasa, kuma Babbar Kotun Abuja tana da zauren sulhu inda ake zama da banki a daidaita ba tare da doguwar shari'a ba.

Sannan ka rubuta wa bankin da hannunka. Ka nemi cikakken lissafin asusun tun daga ranar farko, don a ga ko tara da cajin da suka ɗora sun dace da yarjejeniya. Ka faɗa musu gaskiyar abin da za ka iya biya duk wata, ka roƙi a tsawaita shekarun ko a ɗaga maka ƙafa na ɗan lokaci. Ka kai kwafi biyu, ka tsaya a gaban tebur har sai sun buga hatimin karɓa da kwanan wata a kan naka. Alƙawarin baki da manaja ya yi maka a ofis ba ya tsayawa a gaban alƙali, kuma gobe ana iya sauya masa reshe. Ko kaɗan ne ka ci gaba da zubawa ta asusun, yana nuna niyya. Idan suka yi biris da kokenka, Babban Banki yana da sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna. Ka kuma sani tun Agustan 2020 akwai tsarin da ke ba banki damar bin lambar BVN ɗinka ya ciri bashinsa daga asusunka na wani bankin, matuƙar ka sa hannu a kan hakan lokacin karɓar lamuni.

Akwai magana mai ɗaci da zumunci ya wajabta min faɗa. Idan lauya ya yi lissafi ya ga ba fita, ka nemi izinin bankin ka sayar da gidan da kanka. Gwanjo ba ya kawo daraja, kuma da zarar an sayar wa wanda ya saya da zuciya ɗaya, da wuya kotu ta warware cinikin. Rarar kuɗin bayan an cire bashi da ɗawainiya taka ce, in kuma bai kai ba, cikon yana wuyanka.

Maganar shafi kuwa, ra'ayina ka jinkirta. Kuɗin da yaron ya nema ya fi amfani a asusun gidan yanzu. WhatsApp Business yana da wurin jera kaya da farashi kyauta, ga Instagram, kuma masu sayen shadda can suke.

In lokacin ya yi, ka fara da sunan shafin. A yi rajistarsa da sunanka da imel ɗinka, ko mai ƙarewa da .com.ng ne da ke ƙarƙashin NiRA, hukumar kula da sunayen shafukan Najeriya, ko .com. Duk shekara ake sabunta shi, haka ma hayar ma'ajiyar shafin, kuma mutane da yawa sun wayi gari shafinsu ya ɓace saboda komai na hannun mai tsarawa, shi kuma ya sauya layi. Asusun karɓar kuɗi, Paystack ne ko Flutterwave, kai za ka buɗe da takardun kasuwancinka na CAC, hukumar rajistar kamfanoni. Ka ce ya nuna maka shafukan da ya yi a baya, ka buɗe su a ƙaramar waya inda sabis ba ƙarfi, ka kira masu su ka ji yadda suka rabu. Ku rubuta yarjejeniya ko ta shafi ɗaya ce: me zai yi, yaushe zai gama, gyara nawa ne kyauta, kuma aikin ya zama mallakarka. Ka raba kuɗin aikinsa kashi uku, kason ƙarshe sai ya miƙa maka duk kalmomin sirri ya kuma koya maka sauya hoto da farashi da kanka. Ka sa ya gwada rubuta ɗ da ƙ da ɓ a gabanka, don wasu salon haruffan akwatuna suke fitarwa a madadinsu.

Ka ɗauki hoton wasiƙun bankin da shafukan jinginar ka turo min a daren nan, in karanta kafin ka ga lauyan. Ka kuma zaunar da uwargida ka faɗa mata halin da ake ciki, gidanta ne ita ma. Allah Ya yaye maka, Ya buɗa ƙofar arziki. Ka gaida yara da kyau.

Naka amini,
daga Sakkwato.