Kafin a sayi na'urar tace iska a wannan hunturun

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna neman ɗan fili a jaridarka, ganin hazo ya rufe gari, masu asma da tsofaffi sun fara kwana da tari, ga shi jama'a na sayen na'urar tace iskar ɗaki ba tare da sanin abin dubawa ba.

Ƙurar da iskar hunturu ke kwasowa daga yankin Bodele na ƙasar Chadi iri-iri ce. Wadda ke kwanciya a kan tebur, hanci na tare yawancinta. Abin tsoron shi ne mai laushin nan da ake kira PM2.5, wadda kaurin gashin kai ya ninka ta kusan sau 30, domin ita ke wucewa har cikin huhu. Abu na farko da za a duba shi ne matatar da ke cikin na'urar, wadda ake kira HEPA. Ta gaskiya na kama kashi 99.97 cikin 100 na ƙurar da ta kai mikron 0.3 (mikron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). Idan kwali bai ambaci wannan ba, a bar musu kayansu.

Abu na biyu shi ne lambar CADR, wato yawan iskar da na'urar ke tacewa a awa ɗaya. Lissafin ba wuya. Ɗaki mai faɗin mita 4, tsawon mita 4, bisa mita 3, yana ɗauke da iska kubik mita 48. Ana so a tace ta kamar sau 5 a awa, don haka a nemi mai CADR kubik mita 240 a awa ko fiye. Amma fa a gudu na ƙarshe ake auna lambar, kuma ba kowa ke iya barci da wannan ƙarar ba. Shi ya sa muka fi son a sayi wadda ta ɗan fi ƙarfin ɗakin, a kunna ta a matsakaicin gudu. Yawancinsu ba sa cin wutar da ta wuce ta fankar sama, sola ko inbata na ɗauka.

Kurakuran da suka fi yawa ƙanana ne. Sabuwar matata na zuwa a naɗe cikin leda a cikin na'urar. A buɗe a yage ledar, in ba haka ba fanka kawai ake kunnawa. 'Yar gwanjo da ta fito daga Amurka an yi ta ne don wutar 120, tamu kuwa 230 ce, ana jona ta kai tsaye za ta ƙone. Kada a manna na'urar da bango ko a cusa ta bayan labule, a bar mata sarari kamar kamu ɗaya. A rufe taga da ƙofa, a toshe ƙasan ƙofa da tsumma. Ragar da ke rufe matatar daga waje a kakkaɓe ta duk mako a hunturu, amma HEPA ɗin ba a wanke ta, ruwa na lalata zarenta. Idan ta yi baƙi iska ta rage fita, sai canji, don haka tun a shago a tambaya ko ana samun matatar. Na'urar da aka rubuta tana fitar da iskar gas ɗin da ake kira ozon kuwa a guje ta, ozon na tayar da asma.

Ga abin da ya fi damun mu. HEPA ƙura take kamawa, ba ta kama iskar gas. Gubar da ke fita daga janareta da kaskon gawayi, wato kabon monoksaid, ba ta da launi ba ta da wari, kuma haka take ratsa matatar ta fito. Matatar gawayi da ke cikin wasu na'urorin wari kawai take ragewa. Mai na'ura ya rufe ɗaki ruf, ya shigo da kaskon jin ɗumi, ya kwanta da iyalinsa yana ganin akwai mai tsaronsu, wallahi babu. Janareta a ajiye shi a fili, aƙalla mita 6 daga taga da ƙofa, ban da zaure da baranda. Garwashi kuma, ko na turaren wuta ne, a fitar da shi, a bar ɗakin ya sha iska kafin a rufe ƙofa.

Naku,
Wasu ma'aikatan lafiyar muhalli, Kano