A Daina Jera Kwamfutoci A Layi Wajen Ɗaukar Kwafin Ajiya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku domin in ja hankalin abokan aikina masu kula da kwamfutoci a makarantu, asibitoci da ma'aikatun Sakkwato kan yadda muke saita manhajar ɗaukar kwafin ajiyar bayanai, musamman Bacula da ɗan'uwansa Bareos, waɗanda da yawa daga cikinmu suka rungume su saboda kyauta ne.

A nan garin lokacin da muke da shi gajere ne. Ana kashe janareta da an tashi aiki, batirin inbata kuma ba kullum yake kai asuba ba, balle a bazara da zafi kan haura digiri 40. Idan kwamfutoci goma suna jiran juna, wannan ta gama kafin waccan ta fara, to na ƙarshen layi sukan kwana ba a kwafe su ba. Abin takaici, layin sadarwa na gigabit da ke haɗa kwamfutocin yana iya ɗaukar kusan megabait (MB) 125 a daƙiƙa, amma kwamfuta guda mai tarin ƙananan fayiloli ba ta cika shi, sai hanya ta zauna fayau alhali aiki na jira.

Magani shi ne a bar ayyuka su gudana tare, sai dai a nan ne ake yawan tuntuɓe. Umarnin Maximum Concurrent Jobs, mai ƙayyade yawan ayyukan da za su gudana lokaci guda, ba wuri ɗaya yake ba: yana cikin saitin Director (mai tsara ayyukan), yana cikin na Storage (ma'ajiyar kwafin), da na Client (kwamfutar da ake kwafewa), da na kowane Job (aikin kwafin kansa), kuma mafi ƙanƙantar lamba ita ke yin hukunci. Wanda ya ɗaga guda zuwa 20 ya bar wata a 1 zai zauna yana mamakin abin da ya hana ayyuka motsi. Haka kuma ayyukan da lambar Priority (wato fifiko) ɗinsu ta bambanta ba sa gudana tare sai an ba da izini da Allow Mixed Priority.

Babban abin da nake so a fahimta shi ne, an gina Bacula ne da tunanin kaset, don haka yana kallon faifai kamar na'urar kaset, wadda ba ta rubutu sai a kan kundi ɗaya (Volume, wato kaset ko fayil ɗin da ake zuba kwafin a ciki) a lokaci ɗaya. Idan aka tura ayyuka huɗu kan Device guda, wato na'urar rubutu ɗaya a saitin, ko dai su tsaya jiran juna idan rumbunansu (Pool, wato rukunin kundaye) daban ne, ko kuma bayanansu su cakuɗe cikin kundi ɗaya, kamar gero da dawa a buhu guda, ranar da aka zo maido da fayil sai an sha tsinta. Abin da ya fi, a ganina, shi ne a ƙirƙiri Device huɗu ko biyar masu nuni ga folda ɗaya a faifan, masu Media Type (sunan nau'in ma'ajiya) iri ɗaya, a haɗa su ƙarƙashin Autochanger (saitin da ke haɗa Device da yawa wuri guda), sannan a taƙaita kowanne ga aiki ɗaya. Ta haka kowane aiki yana da kundinsa. A kuma ware Device guda domin karatu kawai, saboda kada wanda ya rasa fayil da rana ya jira masu rubutu.

Amma kada a zarce. Faifai mai juyawa yana da sauri ne idan yana rubutu a jere, kuma da zarar ayyuka sun yi masa yawa sai allurarsa ta dinga kai da komo, saurin ya faɗi. A fara da ayyuka uku ko huɗu, a duba rahoton safiya, sannan a ƙara idan faifan ya ɗauka. Kwafin Catalog kuwa, wato rijistar abin da aka kwafa, a bar shi a ƙarshe, kamar yadda ya zo da Priority 11.

Ga shugabannin ma'aikatu, Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora muku alhakin tsare bayanan jama'a daga salwanta. Kafin ku sa hannu a sayi sabon faifai, ku nemi ma'aikacinku ya maido da fayil ɗaya daga kwafin daren jiya a gabanku, ku ga minti nawa zai ɗauka.

Wassalam,
Wani mai kula da kwamfutoci,
Sakkwato.