Wasiƙa Zuwa ga Aminiyata a Ingila: Fil ɗin Kaka Mai Tuntu

Tudun Wada,
Gusau, Jihar Zamfara.

Aminiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara, da kuma sanyin nan naku da kika ce har ɓargo yake shiga. Mu ma nan hunturu ya kankama, hazo ya rufe gari, ko dutsen Kwatarkwashi ba a hangowa daga hanya. Saƙonki na ta'aziyyar Kaka ya iso, Inna ta ce in yi miki godiya. Allah ya ba da lada, ya bar zumunci.

Na san za ki ce me ya hana ni aiko da saƙon murya ta WhatsApp kamar kullum. Maganar ce da tsawo, ke kuwa na san halinki, in saƙo ya wuce minti biyu ba kya jin ƙarshensa.

Bayan sadakar arba'in aka zauna rabon gado. Kin tuna fantekar nan ta ƙarƙashin gadon Kaka, wadda ta taɓa kora mu da mafici don mun ɗaga murfinta? To, ranar an buɗe ta a gaban kowa. Zannuwan saƙi ne a sama, sai tandun kwalli, mundayen azurfa guda biyu masu nauyi, jigida, da murjani zare ɗaya. Can ƙasa kuma ga wata 'yar batta ta ƙarfe, a ciki an ƙulle wani abu a tsumma ƙulli uku. Da Kawu ya kwance, sai ga fil ɗin ado irin na maƙalawa a ƙirji, wanda 'yan matan yanzu ke ce wa buroch suna kama hijabi da shi. Amma wannan ba irin na tire ba ne.

Bari in kwatanta miki shi, don hoton da zan turo ba zai nuna komai ba. Faɗinsa bai wuce tsohon kwabo mai huji ba. A tsakiya akwai dutse ja mai duhu, kamar ƙwayar rumman, an kewaye shi da murɗaɗɗiyar waya siririya da wasu ƙwayoyin zinariya ƙanana, ba su kai ƙwayar gero ba, an jera su ɗaya bayan ɗaya. Daga ƙasa wasu 'yan ƙoƙuna biyu ne ke reto, masu kama da ƙararrawa, kowanne ya saki tuntu na siraran sarƙoƙi, bakin kowane sili da ɗan ƙulli. Na dama ya cika, na hagu ya rasa sili uku. In kika ɗaga shi kika yi numfashi kawai, sai tuntayen su kama rawa. Na fi minti goma ina kallonsu, har Kawu ya ce ko aljanun Kaka ne suka hau ni.

Ai kuwa maganar aljanu ba ta yi nisa ba. Hajiya Ƙarama, ƙanwar Inna, ta karɓa ta juya bayansa, sai ta ga wani ɗan gilashi, a ƙarƙashinsa an naɗe gashin mutum, launin ƙasa-ƙasa, an yi masa kitso siriri. Wallahi jefar da shi ta yi a kan tabarma tana a'uziyya. Ta ce asiri ne, a kai wa malam ya ƙona, wa ya san abin da aka binne a ɗakin tsohuwa shekara da shekaru. Ɗaki ya ɗauki salati. Inna ce kaɗai ba ta motsa ba. Ta ce ita ta san shi tun tana yarinya, kuma gashin ba na Bahaushe ba ne, kowa ya duba ya gani.

Ga yadda ta ba mu labari. Mahaifin Kaka kuku ne a gidan wani Baturen kamfani, lokacin da Gusau ke tashen gyaɗa da auduga. Kin san tun da jirgin ƙasa ya ratso ta nan ya kai Ƙauran Namoda a 1929 kantunan Turawa da na Kwara 'yan Labanan suka cika bakin tasha. Da aka tashi auren Kaka, matar Baturen ta ciro wannan daga akwatinta ta ba da gudunmawa, ta ce na kakarta ne. Kaka ba ta da rigar Turawa da za ta maƙala shi, sai ta riƙa kama mayafinta da shi ranar Sallah. Inna ta ce sau ɗaya ƙaramin yaro ya fizge tuntun a filin idi, a nan silin uku suka tafi, daga ranar ta ƙulle shi ba ta sake fitowa da shi ba.

Malamin da ke rabon ya ce a kai duk abin da yake ƙarfe mai daraja a yi masa kuɗi. Ni aka aika, ni da ɗan Kawu. Muka je wurin wani mai sayar da gwal a kasuwa. Ya goga gefen fil ɗin a baƙin dutsensa, ya ɗiga ruwan gwaji, ya ɗora a sikeli, giram tara da 'yan kai. Ya taɓe baki ya ce gwal ne amma mai rauni, a ma'aunin ingancin gwal bai kai karat sha takwas ba, balle ashirin da ɗaya ɗan Saudiyya. Wai in an cire dutse da gilashi abin da zai rage ba yawa, kuma ba mai sayensa a haka sai dai a narka. Ban ga laifinsa ba, sana'arsa ke nan, kuma haka dukanmu muka ɗauki gwal: asusu ne da mace ke ratayawa a wuya, ranar da ta shiga matsi ta cire ta kai sikeli. Amma da ya ce a narka, sai da gabana ya faɗi.

Dalili kuwa kin san shi, don tare muka je. 'Yan kunnen Inna na aure, masu lilo, ƙirar hannu, waɗanda na kai aka musanya mini da 'yan Dubai ana saura mako biyu bikina, don kar ƙawaye su ce na sa kayan tsofaffi. 'Yan Dubai ɗin ma na sayar da su shekarar da aka yi wa babban yarona aiki. Har yau in Inna ta ga hotonta na amarci sai ta yi shiru, ni kuma sai in tashi in ba ta wuri.

Saboda haka ban koma gida ba, na ce wa ɗan Kawu mu biya wurin tsohon maƙerin farfarun nan na bayan masallaci, wanda ke yi mana gyaran awarwaro muna 'yan makaranta. Yana nan da ransa, ido ya yi rauni, zuga-zugin ma jikansa ke ja. Ya karɓa ya kai kusa da fuska, ya shafa ƙwayoyin da babban yatsa, ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce, “Ɗiyata, ina kis samo wanga? Wanga ba ƙirarmu ta ba. Amma wanda yay yi shi ya san wuta.” Ya nuna mini cewa cikinsa holoƙo ne, falle biyu aka buga aka haɗa, shi ya sa ba nauyi. Ya ce ɗora ƙwayoyi ƙanana haka ba tare da sun narke sun zama gulbi ba, shi ne inda ake gane maƙeri. Na tambaye shi ko zai mayar da silin ukun, ya ce a'a, in wuta ta taɓa shi gilashin zai fashe, fallen ya lotsa. Ya kuma gargaɗe ni kada in yarda wani ya like shi da dalma, don dalma cin zinariya take yi, in ta shiga ba ta fita.

Hira ta yi daɗi har ya jawo wata tsohuwar liyari daga ƙasan buzunsa, kuɗin azurfan nan mai hoton wata sarauniya mai ƙiba. Mariya Tereza ce ta ƙasar Ostiriya. Kusan kowace kika duba 1780 za ki gani a jiki, shekarar da ta rasu, ko da kuwa an buga ta shekara ɗari bayan nan, domin 'yan kasuwa ba sa karɓar wadda aka sauya wa lamba. Ya ce irinta iyayensu ke narkawa su yi mundaye da zobba da gidan laya mai 'yan sarƙoƙi suna reto, watakila ma mundayen Kaka daga nan suka fito. Ashe narkarwar ba yau aka fara ba, har su masu ƙirar da ita suka ci abinci. Na yi dariya, na ce Baba ashe kai ma mai laifi ne. Ya ce su kuɗi sunka narka su yi ado, mu kuwa ado muka narkawa mu yi kuɗi.

Da dare na ari gilashin ƙara girma na ɗakin gwaje-gwajen makarantarmu, na haska bayan fil ɗin da fitilar waya. A gefen maƙalin akwai tambari ƙanana: lamba 15, sai .625, sai hoton ƙugiyar da ake tsayar da jirgin ruwa da ita, sai harafi guda. Na kwana ina bincike a intanet. Ƙawata, ƙugiyar nan tambarin garinku ce! Ofishin tantance zinariya da azurfa na Bamingham, wanda aka kafa a 1773, shi ke buga ta, garin da ko teku ba shi da ita. Lamba 15 kuwa karat sha biyar ke nan, wato kashi 62.5 cikin ɗari zinariya. A 1854 Ingila ta halatta wannan ma'auni, ta soke shi a 1932. Ke nan mai gwal ya yi gaskiya da ya ce bai kai sha takwas ba, abin da dutsensa bai gaya masa ba shi ne yau shekara casa'in da wani abu rabon da a buga irin wannan tambari.

Maƙalin ma shaida ne. Ba shi da ɗan makullin nan mai juyawa na filolin zamani, lanƙwasasshiyar waya ce kawai kamar ƙugiya, allurar kuma ta zarce gefen fil ɗin da kaɗan, don a da tufafinsu masu kauri ne. Haka ake yin su a zamanin Sarauniya Biktoriya, wadda ta yi mulki daga 1837 zuwa 1901. Tuntu irin wannan ya yi tashe wajen shekarun 1860 da 1870, lokacin da maƙeran Turai suka rungumi kwaikwayon kayan adon da ake tonowa daga tsofaffin kaburburan Italiya. Wani gidan maƙera a birnin Rum, Kastelani, su suka yi fice a aikin ƙwayoyin nan da murɗaɗɗiyar waya, saura suka bi. Jan dutsen kuma ganet sunansa.

Gashin fa? Na karanta wa Hajiya Ƙarama da safe, ba ta so ta yarda ba. Al'adarsu ce a wancan zamani su yanki gashin wanda suke ƙauna, ko yana raye ko ya mutu, su sa a bayan gilashi su riƙa yawo da shi a ƙirji. Ita kanta sarauniyar da mijinta Albat ya rasu a 1861, baƙaƙen kaya ta ci gaba da sawa har ta bi shi, kusan shekara arba'in, har kayan ado na wani baƙin dutse daga garin Witbi suka zama abin yayi. Hajiya ta ce, “Shekara arba'in? Mu da Allah ya yanke mana wata huɗu da kwana goma, ai sai mu ƙara godiya.” Duk da haka ta ce ba za a kwana da gashin mamacin da ba a san addininsa ba a ɗakinta. Na ce ai ba a ɗakinta zai kwana ba.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne tuntun. Tun muna yara muke ganinsa ko'ina, a jar dara, a kayan dokin Sallah, a jakar fata ta dukawa, a bakin tandun kwallin Kaka ma akwai shi, ban taɓa tsayawa na kalle shi ba sai da na gan shi da zinariya. Ina jin shi ya sa Kaka ta karɓi abin hannu biyu, ba ta ga baƙunta a jikinsa ba. Dukawanmu da fata suka yi, maƙerin garinku da sarƙa, amma duk abu ɗaya ake nema, a yi taku abu ya motsa.

Kuma kin ga abin takaici, mu da muke zaune a kan zinariya. Daga Anka zuwa Maru ƙasa cike take da ita, amma abin da muka fi sani game da ita shi ne gubar dalmar 2010 da ta kashe yara sama da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum, sai kuma abin da ya biyo baya wanda ba sai na faɗa a takarda ba. Yanzu mace in za ta bi hanyar Funtuwa ko 'yan kunnen roba sai ta cire. Tsohon maƙerin ya ce rabon da a kawo masa zinariyar ƙasar nan a ce ya ƙera wani abu har ya manta, duk waje take fita.

An dai gama rabo lafiya. Inna ta ce a sa fil ɗin a kasonta bisa kuɗin da mai gwal ya yi masa, na kuma gaya wa su Kawu duk abin da na gano, don kar gobe a ce na ɓoye daraja na ci haƙƙin wani. Kawu ya ce in ma ya kai kuɗin mota ya yafe, shi dai a bar masa mundaye ya ba 'yarsa. Da aka watse Inna ta kira ni ɗaki ta damƙa mini battar, ba ta ce komai ba, ni ma ban iya cewa komai ba. Hajiya Ƙarama ta so ta wanke shi da toka da lemun tsami kafin ya bar gidan, na ce ta rufa mini asiri, ruwa in ya shiga bayan gilashin gashin ruɓewa zai yi. Busasshen burushi mai laushi kawai na sa na kaɗe ƙurar.

To ga aikenki. Unguwar maƙeran nan ta garinku, Jewellery Quarter, wadda kika ce kina wucewa ta gefenta in za ki aiki, don Allah ranar da ba ki da aiki ki shiga da hotunan. Ki nemi shagon da ke gyaran tsofaffin kaya, ba masu sayar da sababbi ba. Ki nuna musu harafin da ke kusa da ƙugiyar, don shi ne ke nuna shekarar da aka buga tambarin, suna da jadawalinsa. Sannan ki tambaye su ko za a sami sili uku na tsohuwar sarƙa irin wannan saƙar, wadda za a iya maƙalawa da awartaki ba tare da wuta ba, da abin da za ta ci. Na auna tsawon silin da zare, na manna zaren a ƙasan takardar nan, kar yara su cire.

In an samu, ki riƙe sai kin zo hutun ƙarshen shekara, kar ki ba kowa saƙo. Ki taho mini da gilashin dubawa irin na masu gwal, na makaranta sai na mayar ranar Litinin. Yajin daddawa da kilishinki suna nan na sa a yi, kuka ma an daka.

Ki gaishe da maigidan, ki shafa mini kan yara. Inna tana gaishe ki, ta ce a gaya miki ta ga hoton auta, kunnuwanki ne sak.

Taki har kullum,
Aminiyarki ta Gusau.