Kotu ta taɓa ɗaure ni kan kodin, yanzu kuma karatun famasi nake so

Assalamu alaikum Anti,

Ina gaishe ki da aiki, ke da duk masu taya ki kula da wannan fili. Allah ya ƙara basira. Don Allah a sakaya sunana, domin a Agege ko tari mutum ya yi sai an san daga gidan wa ya fito.

Ni haifaffen Legas ne, shekaruna sun doshi talatin, ina tsaron kemis ɗin kawuna. Burina in shiga jami'a in karanta famasi, wato ilimin harhaɗa magunguna. Abu biyu ne suka tare min hanya. Takardun sakandarena ba su da kyau, sannan na taɓa zaman gidan yari, kuma a kan magani aka ɗaure ni.

Na rubuta WAEC a 2015. Turanci da Lissafi da Bayoloji na tsallake da ƙyar, C6 da C5. Kemistiri na samu D7, Fiziks kuwa F9. A JAMB ko 170 ban kai ba cikin 400. A lokacin ban damu ba, don na riga na fara hawa okada, kuma yaron da ke kwana da kuɗi a aljihu ba ya jin maganar boko.

A watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta hana shigo da maganin tari mai kodin da kuma sarrafa shi a cikin gida. Tun daga nan kwalba ta yi tsada, masu harkar suka koma aika kaya ta hannun 'yan okada. Ina cikin waɗanda aka riƙa aika. Na san abin da ke cikin kwalin da aka kama ni da shi, shi ya sa da aka je kotu na amsa laifina. Aka yanke min shekara ɗaya da rabi, har da zaman jiran shari'a da na yi. Na fito a 2020 na tarar an hana okada a Ikeja da wasu sassan gari, sai Kawu ya ce in zo in riƙa taya shi zaman shago.

Can cikin gidan yari ne sha'awar wannan karatu ta kama ni. Da yake rubutuna yana karantuwa, ma'aikacin ɗakin shan magani ya riƙa sa ni ina rubuta sunaye a littafi, ina jera kwalabe. Ƙazuwa da tari su ne suka fi yawa. A nan na fara sanin cewa maganin tarin fuka wata shida ake sha ba fashi, kuma wanda ya ji sauƙi ya daina a tsakiya, cutar tana iya dawo masa ta ƙi jin maganin. Na ga wanda hakan ta faru da shi, tabarmarsa na kusa da tawa.

Anti, ki zo shagonmu da magariba ki ga abin da nake gani. Mahauta daga mayankar Oko-Oba, 'yan dako da suka wuni suna sauke buhunan albasa da kwandunan tumatir a Mile 12, direbobin Keke, kowa da magana ɗaya: "Haɗa min na gajiya." So suke a ɓallo ja, a ɓallo fari, a ƙara rawaya, a ƙulle a leda su watsa a baki da ruwan leda. In ka ce ba ka haɗi, sai su wuce wajen mai kwali a bakin titi. Akwai wani dattijo mahauci da kullum sai ya sayi diclofenac saboda ciwon gwiwa, alhali yana da hawan jini, ga shi yana kukan zafin ƙirji. Zuciyata ba ta kwanta ba, na raka shi wani babban shagon magani inda akwai ƙwararriyar famasi. Matar nan ta zaunar da shi, ta auna jininsa, ta tambaye shi duk abin da yake sha har da jiƙe-jiƙe. Ta gaya masa cewa irin wannan maganin in ana yawan shan sa yana cin ciki, yana wahalar da ƙoda, yana kuma ƙara hawan jinin, ta rubuta masa takarda ya kai asibiti. Da Turancin buroka take magana ina fassara masa da Hausa. Muna fitowa ya ce min, "To kai me ya hana ka zama irinta, mu huta da tafinta?"

Lasisin kemis irin na Kawu iyakarsa magungunan da ba sa buƙatar takardar likita, a cikin kwalinsu yadda kamfani ya rufe. Ba allura, ba ƙarin ruwa. Mutanenmu kuwa kemis ne asibitinsu na farko, wasu ma na ƙarshe. Ko maganin zazzaɓin cizon sauro da ake sha sau shida cikin kwana uku, da yawa rana ɗaya suke sha su ajiye sauran don wata rana. Ina iya bakin ƙoƙarina wajen bayani, amma ilimin da na tsinta a jikin kwali da waya ne.

Maganar maki ba ta hana ni barci, don na san gyaranta. Ana neman kiredit biyar, Turanci da Lissafi da Bayoloji da Kemistiri da Fiziks, kuma Jami'ar Legas a zama ɗaya take son su. Ke nan ba zancen in gyara darussa biyu in liƙa da tsohuwar takarda, dole in sake zama gaba ɗaya a jarrabawar masu zaman kansu ta WAEC ko NECO. Na shiga lesin na dare tare da yaran da na girme su nesa ba kusa ba, suna ce min Baba Aboki, ina dariya. Kemistiri ya fara zama a kaina, Fiziks ne har yanzu muke kokawa. A JAMB kuma 200 ɗin da jami'ar ke nema ƙofar shiga tantancewa ce kawai, masu samun famasi suna wuce haka sosai. Malamin lesin ya ce in na gyara takardun zan iya bi ta karatun share fagen shiga jami'a na JUPEB ko IJMB ta Jami'ar Ahmadu Bello in faɗa aji biyu kai tsaye, sai dai kuɗinsu ba wasa ba. Tsangayar famasi ta Jami'ar Legas tana Idi-Araba, cikin unguwar 'yan uwanmu. Duk sanda na je gaishe da gwaggona sai na ga ɗalibai da fararen riguna suna tsallaka titi, in tsaya ina kallo kamar baƙauye.

Abin da ke cin raina shi ne ƙarshen tafiyar. Digirin shekara biyar ne, sabon tsarin Pharm.D kuma shida. Bayan nan akwai shekara guda ta koyon aiki, da jarrabawar hukumar PCN mai ba da lasisi, wadda dokar 2022 ta ɗora mata kula da masu famasi da masu kemis baki ɗaya. Bautar ƙasa dai shekaru sun ɗauke min, tunda wanda ya haura talatin kafin ya gama takardar yafewa ake ba shi. Wani lauya da ke sayen magani wajenmu ya ce kyakkyawan hali yana cikin abin da ake dubawa kafin a yi wa mutum rajista. To Anti, a ce na kwashe shekara bakwai, Kawu ya zuba kuɗinsa, sannan a buɗe fayil a ga an taɓa ɗaure ni kan kodin. Mutumin da aka kama da kwalin kodin shi za a damƙa wa makullin durowar da ake kulle irin waɗannan magunguna? Ni kaina in aka ba ni wannan hukunci sai na yi dogon tunani. Na tambayi lauyan batun afuwa, ya ce laifin ƙwaya na dokar tarayya ne, don haka gwamna ba shi da hurumi, sai shugaban ƙasa a ƙarƙashin sashe na 175 na tsarin mulki. Ɗan Agege mai tsaron kemis ina zai ga wannan layi?

Kawu nasa ganin daban. Ya ce in je kotu in yi takardar rantsuwa, in sauya suna, in rage shekaru, in shiga a sabon mutum, kuma duk fom ɗin da ya tambayi ko an taɓa ɗaure ni in ce a'a. "Wa zai bi diddiginka? Manya nawa ne suka yi abin da ya fi naka suna yawo da jiniya?" Ina ganin girmansa, shi ya karɓe ni lokacin da wasu dangi ko gaisuwata ba sa amsawa. Amma JAMB ba ta rajista sai da lambar NIN, lambar kuma da hoton yatsuna aka yi ta. Yatsun nan dai su aka dangwala ranar da aka kama ni, kuma duk mai neman takardar shaidar hali ta 'yan sanda ya san a ofishinsu na Alagbon ake ajiye irin wannan bayani. Ko da ma ba a gano ba, zan rayu ina tsoron duk wanda ya san ni a da, a unguwar da kowa ya san ni.

Inna kuma cewa take da muguwar rawa gara ƙin tashi. So take in yi aure, Kawu ya buɗe min ƙaramin shago a Ikorodu, a rufe maganar. Yarinyar da nake nema ta san komai, iyayenta ma sun sani, sun ce ba su ƙi ni ba, amma ba za su ajiye 'yarsu shekara bakwai tana jiran ɗalibi ba. Ban ga laifinsu ba. Sai dai ko shagon ne, lasisinsa a hannun hukumar nan ɗaya yake, ke nan tambayar da nake gudu tana can tana jirana.

Akwai kuma masu cewa in nemi kwas ɗin mataimakin mai harhaɗa magunguna a kwalejin koyon aikin lafiya, ya fi sauƙin shiga, ya fi gajarta, in fara aiki a ƙarƙashin ƙwararre. Hankalina yana karɓar wannan, zuciyata ce take ƙi.

Anti, shin in rubuta wa hukumar tun yanzu, da sunana na gaskiya, in faɗi abin da ya faru in tambayi matsayina kafin in kashe ko sisi? Ko hakan tona wa kai asiri ne a inda ba a tambaye ni ba? In fom ɗin makaranta bai yi tambayar ba, shiruna ya zama ɓoyewa? Sannan wace irin shaida ce ke da nauyi a wajen irin waɗannan mutane, ta limamin masallacinmu, ta Sarkin Hausawa, ko ta wannan ƙwararriyar da ta ce a shirye take ta tsaya min? In cikin masu karanta filin nan akwai mai famasi ko lauya, ko wanda ya fito daga inda na fito ya kuma samu lasisin wata sana'ar lafiya, ina roƙon ya taimaka ta hannunki.

Kuɗin rajistar jarrabawar na tara su, suna hannun Inna, ita kuma ta ce in ban karɓa ba kafin Sallah za ta sa su a kayan lefe. Don Allah a duba wasiƙata da wuri.

Na gode, Allah ya saka da alheri.

Ɗanki,
daga Agege, Legas