Buɗaɗɗiyar Wasiƙa: Koci Ne Matsalar Manchester United, Ko Mu Ne Ba Mu da Haƙuri?

Ɗan'uwana mai goyon bayan United, sallama da fatan alheri.

Ka jefo mini tambaya a bainar jama'a, ka ce tun da Sir Alex Ferguson ya yi ritaya a 2013 ana ta kawo koci ana kora, kofin Firimiya kuma shiru. Shin masu horarwar ne ba su iya ba, ko magoya baya ne ke da gajen haƙuri? Amsata ita ce ka bar na uku a waje, kuma shi ne babba: wanda ke zaɓen kocin, yake kuma saya masa 'yan wasa.

A shekarar da Ferguson ya tafi, David Gill, shugaban gudanarwa, shi ma ya sauka. Kai biyu suka fita lokaci guda. Ed Woodward da ya karɓi ragamar ya ƙware a harkar kuɗi da talla, amma ƙungiyar ba ta naɗa daraktan ƙwallo, wato mai kula da zaɓen koci da sayen 'yan wasa, ba sai 2021. Ka dubi jerin da aka yi ta kawowa. David Moyes ya sa hannu a kwantiragin shekara 6, bai cika shekara ɗaya ba. Louis van Gaal mutumin riƙe ƙwallo ne, a yi ta ba ni in ba ka har sai ƙofa ta buɗe. Jose Mourinho yana son a ja baya a toshe, a kai harin ramuwa da ƙarfafan 'yan wasa. Solskjaer ya dogara da gudu. Rangnick ya zo da matsa lamba tun daga gidan abokin hamayya. Erik ten Hag yana son a faro wasa daga ƙafar gola. Ruben Amorim ya zo da masu tsaron baya 3 da 'yan gefe masu hawa da sauka. Kowane ɗaya ya gaji 'yan wasan da aka sayo domin tsarin wanda ya gabace shi.

A nan kuɗi ke ƙonewa, kuma yawancin masu ihu a kan koci ba sa yin wannan lissafi. Idan ƙungiya ta sayi ɗan wasa fam miliyan 80 a kwantiragin shekara 5, ba a rubuta kuɗin a littafi lokaci guda. Ana raba shi miliyan 16 kowace shekara. Bayan shekara 2 saura miliyan 48. Sabon koci ya zo ya ce ba ya cikin tsarinsa, kasuwa kuma ta taya miliyan 30, to sayar da shi faɗuwar miliyan 18 ce a take. Ga albashi mai tsoka da babu mai son ɗauka. Shi ya sa kake ganin ana ta ba da aro maimakon sayarwa. Antony, wanda aka ɗauko daga Ajax a 2022 da kuɗi masu yawa domin Ten Hag, ya tafi aro Real Betis a Janairun 2025, wata 2 kacal da zuwan Amorim, wanda tsarinsa ba shi da gurbin ɗan gefe irin nasa. Dokar kuɗi ta Firimiya kuma a lokacin ta taƙaita faɗuwa a fam miliyan 105 cikin shekara 3. Everton da Nottingham Forest sun ɗanɗana, an zaftare musu maki a kakar 2023/24. Ita kanta korar ba kyauta ba ce: sallamar Ten Hag da mataimakansa ta ci fiye da fam miliyan 10, sannan aka biya Sporting diyya kafin ta saki Amorim.

Kada ka ɗauka ina cewa koci ba ya laifi. Yana yi, kuma akwai hanyar ganewa wadda ta fi kallon teburi.

Abu na farko, kada ka yanke hukunci da wasa 5. Ƙwallo wasa ne mai ƙarancin ci, ƙwallo ɗaya da ta bugi turke tana sauya labari. Ka tara aƙalla wasa 15 zuwa 20, ka raba makin da yawan wasannin. Mai neman gurbin Zakarun Turai yana buƙatar kusan maki 1.8 a kowane wasa, wato wajen 70 a kaka. Wanda ke yawo a kan maki 1 kuwa hanyar faɗawa ƙasa yake bi. Sannan ka duba da wa aka buga, a gida ko a waje.

Daga nan ka bar ƙwallayen da aka ci, ka koma kan damarmakin da aka samu. Akwai ma'aunin da ake kira xG, wanda ke ba kowane bugu daraja gwargwadon yiwuwar shigarsa raga: fenareti kusan 0.8, bugu daga can nesa kuwa bai kai 0.05 ba. Idan ƙungiya tana ƙirƙirar damar da ta fi ta abokan karawarta mako bayan mako amma ana ɓarar da ita, matsalar tana ƙafar ɗan wasan gaba ko a rashin sa'a, kuma sau da yawa tana warwarewa da kanta. Idan kuwa ana cin wasa alhali gola ne ke ta ceto, to rana tana nan tafe. Kakar 2023/24 misali ce a fili. United ta ƙare ta 8, ta ci 57 an ci ta 58, tana cikin ƙungiyoyin da aka fi yi wa ruwan hare-hare. Dalilin yana bayyane ga duk mai kallo: 'yan gaba suna hawa su matsa, 'yan baya suna nan a ƙasa ba su biyo ba, tsakiya ta zama fili fetal, fasin ɗaya ya ratsa ta. Wannan aikin koci ne tsantsa. Amma aka doke Manchester City 2-1 a wasan ƙarshe na Kofin FA, murna ta rufe ido, aka tsawaita wa Ten Hag kwantiragi, aka ƙara sayo masa mutanensa irin su De Ligt da Mazraoui, sannan aka kore shi a Oktoba. Mu magoya baya da muka yi ta roƙon a bar shi saboda kofi ɗaya, muna da namu kason a ciki.

Bugun kusurwa da bugun tazara ma ka sa musu ido, domin a filin atisaye ake koyon su. Ƙungiyar da ake ci da kai iri ɗaya kowane mako ba ta da uzuri. Raunin 'yan wasa uzuri ne na gaske, musamman idan masu tsaron baya na tsakiya ne ke ta sauyawa, sai dai idan tsagewar tsoka ta yi yawa, ka tambayi nauyin atisayen.

Game da haƙuri, kowa na kawo Ferguson, wanda ya zo 1986 bai ɗaga kofi ba sai 1990, ko Arteta na Arsenal da ya ƙare na 8 sau biyu a jere. Gaskiya ne, amma haƙuri ba ya mayar da kowa Ferguson. Klopp ma ya ƙare na 8 a kakarsa ta farko a Liverpool, sai dai tun a lokacin kana ganin abin da ake ginawa. A ɗaya ɓangaren, Chelsea ta kori Lampard a Janairun 2021, Tuchel ya ɗauki Kofin Zakarun Turai a Mayu da 'yan wasan nan dai. Unai Emery ya tarar da Aston Villa kusa da gindin teburi a 2022, ya kai ta ta 7, ya kai ta ta 4 a kaka ta gaba. Kora tana aiki idan 'yan wasan suna da kyau, tsarin ne ya danne su. Ka kuma yi hattara da ɗokin makonnin farko na sabon koci: galibi ana kora ne a lokacin da sakamako ya kai maƙura wajen muni, ko ba a taɓa kowa ba zai ɗan farfaɗo.

Inda ake yin abin daidai, ƙungiya ce ke da salon wasa, koci ya zo ya shiga ciki. Manchester City ta ɗauki Txiki Begiristain a matsayin daraktan ƙwallo tun 2012, shekara 4 kafin zuwan Guardiola. Brighton ta rasa Graham Potter a farkon kakar 2022/23, ta kawo De Zerbi, ta ƙare ta 6, ta shiga gasar Turai karo na farko a tarihinta. Arne Slot ya ci Firimiya a 2025 da kusan 'yan wasan da Klopp ya bari. United kuwa ta biya diyya ta ɗauko Dan Ashworth daga Newcastle a 2024 domin wannan aikin, suka raba gari bayan wata 5, ta kuma ƙare waccan kaka ta 15 da maki 42.

Don haka duk ranar da aka sake tayar da maganar kora, kafin ka ɗaga murya ka nemi sanin wa zai zaɓi magajin, da wane salo zai zo, kuma cikin 'yan wasa 11 da ke fili mutum nawa ne za su iya buga shi ba tare da an sake komawa kasuwa ba.

Ka huta lafiya.

Naka,
Ɗan'uwanka a harkar tamaula