Godiya ga Baban da Ya Ƙi Sayar Mini da Abin da Ke Hannunsa

Assalamu alaikum. Wannan godiya ce ga kamfanin da ke kawo wa ɗakin gwajinmu kaya a nan Jidda, musamman dattijon da ke karɓar oda. Baba, Allah ya saka da alheri.

Ina karatun digirin digirgir a kan ƙofofin potasiyam, 'yan mashigan nan da ke jikin bangon ƙwayoyin halitta. Wadda nake bi sunanta Kv2.1. Tana cikin ƙwaƙwalwa, tana kuma cikin ƙwayoyin beta masu fitar da insulin, shi ya sa masu binciken ciwon suga suka damu da ita. Ido ba ya ganinta, sai an sami antibodi, wato wani sinadari mai manne wa abu ɗaya takamaimai don a gane shi, da zai kama ta ita kaɗai, ya ƙyale 'yar'uwarta Kv2.2 da suke kama sosai.

Kafin in san ku, na sha wuya a hannun wani dillali. Wata huɗu ina jiran antibodin da na yi oda. Da kwalin ya iso, a tsakiyar zafin Agusta, ƙanƙarar ciki ta zama ruwan ɗumi. Na daure na yi gwajin westan bulot, wanda ke nuna abin da antibodi ya kama a matsayin layi, sai ga layuka shida reras kamar saƙar tabarma, alhali layi ɗaya nake nema a wajen kilodalton 100, wato daidai nauyin wannan ƙofa. Na kira su, aka ce hannuna ne bai iya ba. Sati uku ina zargin kaina, ina sake haɗa ruwan magani, har kunyar haɗa ido da malamina nake ji.

Ran da na shigo ofishinku, Baba ya ji sunana sai ya bar Larabci ya koma Hausa. Ashe kakansa da ƙafa ya taso daga Kano, ya ratsa Sudan, ya tsallako Bahar Maliya ta tashar jirgin ruwa ta Sawakin. Ya ce, "Ɗana, muna da wani antibodin a firji, mai araha, amma takardarsa ba ta nuna an gwada shi a ɓeran da aka cire wa wannan ƙofa ba. Ba zan ba ka ba." Na yi sororo. Ɗan kasuwa da ciniki a gabansa!

Shi ya nemo mini antibodi mai lamba K89/34 na NeuroMab, cibiyar da Farfesa James Trimmer ya kafa a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis. Ranar da ya sauka, bayan magariba Baba ya kira ni, ya miƙo mini shi a cikin kula, da sanyinsa. Da na sake gwajin, layi ɗaya ya fito.

Abin da ke ci mini rai shi ne abokaina na Zariya da Kano. Suna biyan kuɗi da dala, kaya ya kwana a firjin da ba wuta, kuma ba wanda zai gaya musu. Wata 'yar'uwa ta turo mini hoton gwajinta makon jiya, layuka shida, tana tambayata ko hannunta ne.